Ishaya Gora da Likitan Ƙashin Baya

Duk wanda ya zauna Gozaki a wancan zamani ya san ba a gaida Ishaya Gora ta baya. In ka yi masa sallama daga baya ba zai waiwayo ba, sai dai ka ji ya ce, "Zagayo. Babbar mota ba ta juyawa don fasinja ɗaya." Wuyansa da gadon bayansa sun sandare, in zai dubi gefe sai ya juya gaba ɗayansa, ƙafa bayan ƙafa. Ni Audu taubashinsa ne, uwarsa ƙanwar ubana ce. Shi Kirista ni Musulmi, amma a akushi ɗaya muka tashi, saboda haka abin da zan faɗa a kansa, ko yana nan sai na faɗa.

Tun yana saurayi ciwon ya kama shi. Da asuba ƙugunsa ya riƙe kamar an ɗaure da igiya, sai ya motsa, rana ta ɗaga, sannan ya sake shi. Aka ce sanyin ƙashi ne, aka ce sammu ne. Wanzami ya yi ta kafa masa ƙaho har bayan ya koma kamar rariya, ba abin da ya canza. Abu ɗaya ya gano da kansa: in ya zauna ciwo ya ƙaru, in ya yi tafiya ya lafa. Shi ke nan ya haramta wa kansa zama. Ka miƙa masa tabarma, ya ce, "Fartanya a ɗaki take tsatsa." Ko a coci a tsaye yake can baya. In fasto ya ja wa'azi, sai ya fita ya zaga ginin sau biyu, ya leƙo ta taga ya tambayi na kusa, "An kai ga Amin?"

Wajen ƙarshen shekarun saba'in idonsa na dama ya yi jajir, ko haske ba ya so. Matarsa Saraya ta ce in bai je asibiti ba, ba tuwo. Na raka shi Malumfashi a bayan motar auduga, don ya ƙi shiga bas, a cewarsa bas gidan yarin masu baya ne. A ranar akwai wani likita matashi da kan zo daga Zariya. Yana hango tafiyar Ishaya a layi ya taso da kansa.

"Baba, tun yaushe bayanka yake haka?"

"Ido na kawo," in ji Ishaya. "Baya rakiya ya yi."

Likitan ya yi dariya, ya ba shi maganin idon, sannan ya gaya masa ido da bayan tushensu ɗaya. Ya tura mu Zariya aka ɗauki hoton ƙashi. Da ya ɗaga hoton a hasken taga, sai ga ƙasusuwan baya sun manne da juna, gaɓa bisa gaɓa. Ya ce a wurin likitoci da gora ake kwatanta irin wannan. Kafin mu iso gida Ishaya ya riga ya raɗa wa kansa suna Gora, ya hana kowa ladan tsokana.

Likitan ya ce bincike yake yi. A littattafan da ya karanta an rubuta cewa wannan ciwo bai cika kama baƙar fata ba, shi kuwa yana zargin ba a dai neme shi ba ne. Ishaya ya juyo gaba ɗayansa ya dube shi.

"Wanda ya rubuta littafin, ya taɓa zuwa Gozaki?"

"Bai taɓa ba, Baba."

"To ka aika masa ya zo. Ina nan, ba na zama amma ba na nisa."

Likita ya karanta masa takardar yarda da shiga binciken cikin harshen Hausa, ya ce in ya ga dama ya ƙi, magani dai za a ba shi. Bai yi gardama ba sai da aka zo inda aka ce ba za a rubuta sunansa ba, lamba za a ba shi don a rufa masa asiri. Nan fa ya tubure. "Ciwo nawa, baya nawa, a ce lamba? Ni buhun auduga ne?" Da ƙyar aka shawo kansa ya dangwala yatsa.

Amma akwai maganar da ba ta dariya ba. Ya tambayi likitan ko zai miƙe, likitan bai yi masa ƙarya ba. Ya ce abin da ya manne ya manne, sai dai a rage zafi, a tsare abin da ya rage. Wanda aka gano da wuri, in ji shi, shi ne ke da rabon tsayuwa sosai. Sai da muka sauka a Funtua, kan hanyarmu ta dawowa, Ishaya ya ce, "To, Audu. In ba za a miƙe ni ba, a miƙe wani da ni."

Daga nan ya zama ma'aikacin bincike, ba wanda ya ɗauke shi. Duk wata yana Malumfashi, a jingina shi da bango a auna daga ƙeyarsa zuwa bangon, a zagaya ƙirjinsa da awon tela a ce ya ja numfashi. Da aka ɗebi jininsa ya tsare likita sai ya faɗi inda za a kai. Aka ce ƙasar waje, a jirgin sama, don a can ake da na'urar gwajin. Wata guda ba mu huta ba. Ko gardamar taki ake yi sai ya ce, "Ku yi a hankali da ni. Jinina ya hau jirgi, naku ko Kano bai je ba."

Ƙwayar da aka ba shi kuwa an gargaɗe shi kada ya sha sai da abinci a ciki, don tana cin hanji. Kun san abin da ya yi da wannan. Ya shigo gidanka daidai an sauke tukunya, ya zaro ƙwaya daga aljihu ya ɗaga. "Ba kwaɗayi ba ne, umarnin likita ne." Matata ta lissafa, ta ce ƙwayar sau biyu ake sha a rana amma Ishaya gida huɗu yake bi. Ya ce sauran biyun rigakafi ne.

Sai farautar baya. Ranar kasuwa ya tsaya bakin 'yan hatsi yana kallon tafiyar mutane. Wanda ya ga yana tafe a sandare, ya tare shi: "Da asuba ƙugunka na riƙewa? In ka motsa yana saki?" Ya tara wa likita mutane da yawa, mafi yawansu gajiyar noma ce kawai, likitan dai ya duba kowa. Ran nan ya tare wani Alhaji dillalin auduga mai tafiya ƙirji gaba. Alhajin ya daka masa tsawa, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ishaya ya ce, "Yi haƙuri, Alhaji, na gane. Naka ba irin namu ba ne. Naka ba shi da ƙwaya."

Ni ma ina cikin masu dariya, har farautar ta iso ƙofar gidana. Ɗana Sani yana da shekara ashirin da uku a lokacin, ga mata ga jariri, amma kullum shi ne ƙarshen isa gona. Na kira shi rago a gaban ƙannensa, ba sau ɗaya ba. Wata safiya Ishaya ya ga yadda yake dafa bango kafin ya sunkuya alwala. Ya ja shi gefe suka yi magana, sannan ya nufo ni.

"Audu, yaron nan ba rago ba ne. Nawa ne. Likita ya ce yakan bi dangi."

Na ce ya kiyaye ni, kada ya ja wa ɗana baki. Gaskiyar magana tsoro ne ya kama ni, na dubi Ishaya na ga Sani nan da shekara ashirin. Bai yi musu da ni ba. Washegari ya zo ya tsaya a ƙofar zaurena tun safe har azahar. Jibi ma haka. Duk mai wucewa ya tambaya, ya ce, "Ina jiran taubashina ya yi hankali." Wa zai iya gasar tsayuwa da mutumin da ya shekara talatin bai zauna ba? A rana ta uku na ce su tafi.

Ciwon ne kuwa. Likita ya ce an zo da wuri, ƙashi bai fara mannewa ba. Aka ɗora shi kan magani, aka koya masa motsa jiki. Ishaya ya karɓi aikin sa ido: kullum da hantsi yana tsaye kan Sani a gindin ɗorawa yana ƙirga masa miƙa da lanƙwasa, abin da shi kansa ba ya iyawa. Na nemi gafarar ɗana, ya yafe. Yau Sani na da jikoki, ciwon na taɓa shi lokacin sanyi, amma in ka kira shi daga baya, waiwayowa yake yi.

Ishaya ya rasu wajen ƙarshen shekarun tamanin, ciwon ƙirji na kwana tara. Ana jibi zai cika ya sa aka kira masa kafinta, ya ce ya auna shi da kyau yadda yake. "Kada ku wahalar da kanku wajen miƙe ni. Likitan Zariya ma ya haƙura." Muka yi dariya, Saraya ta fita tana share ido da bakin zane.

Allah Ya ji ƙan Ishaya. Ya sha wuya bai ɗora wa kowa ba, ya tsaya wa ɗana ranar da ni ubansa na kasa. Allah Ya ba shi hutun da bai samu a duniya ba, Ya sa masu binciken nan su kai ga maganin da zai raba jikokinmu da wannan ciwo. Amin.