Ranar da na wanke duron Malam

Ko zan manta komai a zaman aurena, ban da lokacin da tsaftata ta kusa ƙarar wa maigidana da kifinsa.

Da Malam ya yi ritaya, sai ya kafa tankin tarwaɗa a tsakar gidanmu da ke Ƙofar Kuyambana. A gefe ya girke wani shuɗin duro cike da tsakuwa da fasassun tukwane, ruwan tankin yana bi ta ciki ya koma. Wai akwai wasu ƙwayoyin halitta a jikin tsakuwar da ido ba ya gani, su ke cinye gubar kashin kifin. Ya ce, "Hajiya, taɓa komai a gidan nan, ban da duron nan."

Ni kuwa ko gindin randa ba na bari da datti. Na leƙa duron, na ga yauƙi da gansakuka, na ce lallai zaman gida ya fara taɓa bawan Allahn nan. Yana tafiya Kaduna ta'aziyya na juye shi, na zuba omo da ruwan zafi, na dirje kowace tsakuwa har tana ƙyalli. Har waƙa nake yi.

Kwana biyu ruwan ya yi fari kamar ruwan gasara. Kifaye suka ƙi abinci, suka taru a sama suna haki, uku suka juya ciki. Tsoro ya kama ni sosai, don Malam ya fi kula da su a kan rediyonsa.

Na yafa mayafi na faɗa wa maƙwabciyata, wadda mijinta ma ke kiwon kifi. Ta yi dariya har da hawaye. "Ke, ana kindirmo ba iri? Irin kika kashe. Canza rabin ruwan, ki hana su abinci, ki zuba namu." Ta cika mini kwanon samira da tsakuwar duronsu, baƙa ƙirin, tana ƙarni. Muka rufe, muka ɗaure da ƙyalle kamar tuwon suna.

Ina shiga zaure sai ga Malam ya dawo, zaune da abokansa biyu. Ya hango kwanon ya ce, "Madalla, daga maƙwabta? Ajiye nan, mun kwaso yunwa."

Na ce abincin mata ne. Ina, ɗayansu har ya wanke hannu ya yi bisimilla. Aka buɗe kwano, ƙarni ya cika zaure.

Malam ya dubi tsakuwar, ya dube ni. "Da omo?"

Na sunkuyar da kai. "Har da ruwan zafi."

Ya ɗauki kwanon da kansa ya shige, ya juye tsakuwar a duron. Sai da aka yi kusan mako biyu ruwan ya washe, sauran kifin suka tsira.

Tun daga nan na san ba duk abin da idona ya kira ƙazanta ba ne ƙazanta. In ban san aikin abu ba, sai in kama hannuna in tambayi mai shi.