Sojan Surukina da Ban Ɗauke Ba

Na buga eshek, darar Turawa mai soja da doki, da surukina, na sha kashi, shi ya tafi Yamai.

A ramin zinariya na koyi wasan, wajen wani Basudane. Sau biyu rami ya rufta da ni, na fito. Da na dawo Filinge na iske mutum takwas suna bugawa a rumfar wani tsohon malamin makaranta da muke ce wa mushe, bayan kasuwa. Ba wanda ya iya da ni. Sai aka ce za a aika mutum ɗaya gasa a Yamai. Na sa rai.

Wasan ƙarshe ya haɗa ni da uban matata. Tun da na auri ɗiyarsa ban zauna tabarma ɗaya da shi ba, ban ɗaga ido na dube shi ba. Yanzu ga shi gabana, wai in ɗauke masa soja mutane na kallo.

Ya turo soja, na tare da nawa. Ya turo wani, na tare. Tsakiyar allo ta toshe, sojoji goshi da goshi. Sau uku ya bar soja ba mai tsaro. Sau uku na kai hannu, na janye, na mai da dokina baya. Haka har agogon waya ya ce lokacina ya ƙare.

Washegari mushe ya sake jera wasan daga takardarsa, ya tara mu.

"Ku duba! Rufaffen wasa kenan, sai manya. Dokin nan da ya koma baya, akwai zurfin tunani. Kai, mi ka hango?"

Na ce, "Matata."

Rumfa ta ɗauki dariya. Surukina bai dube ni ba, sai ya dubi mushe.

"Mushe, gaya wa mutumin nan, sau uku ina miƙa mai sojan nan har hannuna ya gaji. Ni mi zan yi Yamai? Gerona ya nuna, tsuntsaye na ci."

"To Baba, mi ya hana ka faɗa mai?"

"In yi magana da mijin ɗiyata a bainar jama'a? Ba ka da kunya?"

An riga an aika sunansa. Ya hau mota yana tsaki, ya bar wa ɗiyarsa saƙo.

Yau kwana huɗu ina gonarsa, hanyar Damana, ina yankan gero.