Hukuncin Tolegen a Kan Sabon Faifai

Rumfar Tolegen tana jikin tawa a babbar kasuwar birnin Almaty. Ni zuma nake sayarwa, shi kuma zabibi da busasshiyar tuffa. Kafin kasuwa ta san shi, shi ne makaɗin gangar Ak Boran, ƙungiyar kiɗan rok da muke tururuwar kallo muna samari. Yana kan dandali ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙafa ta dawo, hannun hagu ya ƙi.

Abokansa sun jira shi har suka gaji. Daga baya suka ɗauki wata matashiya mai suna Raushan a gurbinsa, suka gayyato taron masu goge da masu busa ƙaho, suka yi sabon faifai. Zhanbolat, mai jitarsu, shi ya kawo masa har rumfa, yana ta sosa ƙeya.

"Tolegen-aga, saurara ka faɗa mana gaskiya," in ji shi. "Aga" shi ne yadda muke kiran na gaba da mu.

"Da kake da gashi ba ka jin maganata, sai yanzu da sanƙo ya fito?"

Suka yi dariya. Na zuba musu shayi, aka sa faifan.

Tolegen ya rufe ido. Hannunsa na dama yana buga gefen sikeli, na hagu yana kwance a cinya. Da aka zo kan waƙar da shi ya tsara kiɗanta tun suna ɗakin haya, sai na daman ma ya tsaya.

"Gogen ya yi yawa," in ji shi bayan an gama. "Kun binne muryar mawaƙinku. Ƙahon nan kuwa sai ka ce bikin ɗan minista."

Zhanbolat ya gyaɗa kai. "Gangar fa, aga?"

Tolegen ya juya ya kalli buhun zabibi.

"Ta fi ni. Ko da hannuna biyu, yarinyar nan ta fi ni. Ku riƙe ta da kyau."

"Da ma zaginmu ka yi," in ji Zhanbolat.

Ranar ƙaddamar da faifan sun ajiye masa kujera a sahun gaba. Ya sa kwat ɗinsa, na raka shi har ƙofar zauren. Nan ya tsaya cikin dusar ƙanƙara, yana jin ganga ta bango. Na ce mu shiga, ya girgiza kai. Motar unguwarsu ta zo, na kama shi ya hau.