Tukunyar Inna a Ƙofar Kurkuku

Mahaifiyata, wadda duk unguwarmu ta Mardjandafak a Njamena ke kira Inna, ba ta taɓa halartar taron siyasa ba. Sana'arta yanyana nama ta shanya, ta kai kasuwa. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya zauna ya kama fawa. Mun tashi da Hausa a gida, Larabci a waje, ni kuma na ƙara da Faransanci har na zama malamar makaranta.

A shekarun da yaƙi ya watsa ƙauyukan bakin tafki, Njamena ta cika da 'yan gudun hijira, kowa kuma yana tsoron baƙo. Duk wanda aka tare ba shi da takarda, sai dai a ji yana kurkuku. A lokacin ne aka tsare mijin wata maƙwabciyarmu kan rigimar kasuwa, Inna ta raka ta kai masa abinci. Da ta dawo, ta zauna a tsakar gida ko mayafi ba ta cire ba.

"Akwai wasu can a rakuɓe, ba mai zuwa wurinsu," ta ce mini. "Wani tsoho ya ji ina Hausa, ya ce, 'Baiwar Allah, gaya wa masu gadin nan ni masunci ne.' Tun da aka kawo shi bai sami mai jin maganarsa ba."

Ranar Juma'a ta ɗora babbar tukunya. Yayana, wanda ya gaji rumfar fawa ta mahaifinmu, ya shigo ya ga tuwon gero a jere cikin kwanuka, ya tambayi wa za a kai wa. Da ya ji, ransa ya ɓaci.

"Inna, za ki jawo mana. Ba ki san su ba. In aka ce muna tare da masu tada ƙayar baya fa?"

"Da kakana ya iso nan, wa ya san shi?" ta ce. "In ba za ka ba da nama ba, matsa mini daga bakin murhu."

Ya sa kai ya fita. Juma'ar da ta biyo, sai ga shi ya aiko da cinyar saniya.

A hankali mata suka riƙa zuwa taya ta, daga unguwannin Diguel da Klémat. Har da wata ma'aikaciyar jinya Kirista 'yar kudu, wadda ta taɓa jinyar ƙaninta bayan ya fito daga tsare. Ita ce ta ce a haɗa da sabulu da maganin ƙaiƙayi, ita ce kuma ta gano cewa yawancin mutanen ba a taɓa kai su gaban alƙali ba.

Nan Inna ta ce abinci kaɗai ba zai wadatar ba. Wata safiya suka ɗauki tabarmi suka shimfiɗa ƙarƙashin dalbejiyar da ke gaban kotu, suka zauna. Ba kwali, ba ihu. Kullum haka, tun safe har azahar, ni ma nakan same su in na tashi daga aji. Masu wucewa na yi mana kallon marasa aikin yi. Daga baya wani babban ma'aikaci ya fito, ya tsaya a kan Inna.

"Hajiya, me kuke so?" ya tambaya da Larabci.

"Ɗana, ba mu ce a sake su ba. Mun ce a saurare su. Mai laifi a hukunta shi, marar laifi ya kama gabansa."

"Ba mu da tafinta. Ba sa jin Larabci, ba sa jin Faransanci."

Inna ta nuna ni da haɓa. "Ga 'yata nan."

Ba ta shawarce ni ba, kuma ban ji haushi ba. Ranar da na tsaya a kotu, da mutumin da ya roƙi Inna aka fara. Tsohon masuncin ya faɗi yadda aka ƙone musu ƙauye, yadda ya tuƙo kwalekwale da jikokinsa, yadda suka rabu a wurin bincike a kan hanya. Ina juya maganarsa zuwa Faransanci, ina ganin alƙali ya daina duban agogo. Aka sallame shi tare da wasu. Wasu aka ɗage shari'arsu. Mutum ɗaya aka same shi da laifin sata, aka ɗaure shi, Inna kuma ba ta cire kwanonsa ba. Da yayana ya yi magana, ta ce, "Alƙali zama ya yanke masa, bai yanke masa yunwa ba."

Tsohon ya zauna a zaurenmu har ƙafafunsa da suka kumbura suka saɓe. Ma'aikaciyar jinyar nan ta yi ta cigiya har aka ji labarin jikokinsa a wani sansani kusa da tafki. Yayana da kansa ya kai shi tasha, ya sa shi a gidan gaba na mota, ya roƙi direba kada ya sauke shi sai a ƙofar sansanin.