Ni Ne Na Ce Wa Garba Ya Zamna?

Ranar Talata da hantsi ina zaure ina shan kunu, babur ya tsaya a ƙofar gidana a Argungu. Bawa ne, ƙanen Malam Garba, ya taso daga Birnin Kebbi. Ya durƙusa ya yi magana, na ga bakinsa yana motsi amma ban ji ba, domin kunnena ya daɗe da yin nauyi. Na ce ya ƙara. Sai a karo na uku, da ya ɗaga murya har maƙwabta suka riga ni ji, na fahimta: "Malam, Garba ya rasu! Da asuba, a asibiti. Har mun kai shi."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye ƙoƙon. Ni da nake jiran a zo a ɗauke ni, ni aka zo wa da labarin wanda na koya wa riƙe fensir.

Bawa ya share fuska da hularsa. Da zai tashi ya sake matsowa kusa ya ce, "Kai kac ce shi zamna, Malam. To ga shi ya zamna." Ya buga babur ya tafi kai labari wasu gidajen. Na bi shi da kallo. Ban san lokacin da na ce wa Garba ya zamna ba, ban kuma san a ina ba. Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami bayan shekaru da ajiye shi, ko da rubutun zai nuna mini abin da tunani ya kasa.

Garba ɗan masunta ne. Ya shigo ajina a elementare da ƙarnin kifi a rigarsa, littafinsa kuma kullum a kumbure saboda ruwan kwale-kwale. Ba shi ne ya fi kowa ƙoƙari ba. Abin da ya sa na riƙe shi a rai wani abu ne ƙarami. Wata rana na duba lissafinsu, na ba shi goma bisa goma. Da aka tashi ya tsaya a bakin tebur, ya nuna mini na bakwai da yatsa, ya ce, "Malam, wanga ba daidai na ba. Ka ba ni." Na duba, gaskiyarsa ce. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa, da yawa sun zo neman ƙari, shi kaɗai ya zo neman ragi.

Ya yi kwalejin horon malamai, ya koyar a Birnin Kebbi na ɗan lokaci, sannan aka neme shi ƙasar Nijar ya koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a Dosso. Ya yi shekara goma sha ɗaya a can. Matarsa Kulu da 'ya'yansu huɗu suna nan Birnin Kebbi, domin ya fi son yaran su yi irin karatunmu. Sai da dogon hutu yake zuwa, sai kuma salla in hanya ta yi kyau.

A can ɗalibai suna kiran malaminsu "Mushe", wai da Faransanci girmamawa ce. Da abokansa na bakin gulbi suka ji, ai sai suka samu abin yi. In ya sauka daga mota za ka ji wani ya kwaɗa, "Ga Mushe nan ya iso, ku kori angulaye!" Ba ya fushi. Yakan ce, "Ku dai ku yi ta dariya. Can ni ɗan Najeriya ne, nan kuma mushe. Ban san inda nike Garba ba." Muna dariya lokacin. Yanzu nake ganin ba raha kaɗai ba ce.

Yana son aji, wannan ba ni da shakka a kai. Na taɓa jin wani ƙaramin malami yana yi masa ƙorafin daƙiƙancin ɗalibai, ya amsa masa da cewa, "In yara goma sunka faɗi wuri guda, je ka duba, kai kab bar rami nan." Wasiƙunsa gare ni, da kyakkyawan rubutunsa mai karkata, rabin farko duk labarin ɗalibai ne, da sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar na san su. Amma a shekarun baya-bayan nan rabin ƙarshe ya koma wani abu dabam. Surukinsa ya tsufa, yana da fadamar shinkafa a Ambursa ba mai kula. Babbar 'yarsa Hadiza ta fara jin kunyarsa kamar baƙo. Ƙaramin ɗansa ya taɓa tambayar uwarsa yaushe "mutumin Dosso" zai tafi. Ya rubuta mini wannan ba tare da ya ƙara ko kalma ba. Sai ya ce an ba shi takardar sabunta aiki, zai zo da ita gida ya yi tunani.

Ya zo hutun damina, shekara uku ke nan. Hutu ya ƙare bai koma ba. Na ji a bakin mutane cewa Malam Garba ya ajiye alli ya shiga fadama. Zan faɗi gaskiya tunda ya riga mu gidan gaskiya: na ji haushinsa. Na ce a raina, malami irin wannan ya bar aji, kuma bai ga ya dace ya shawarci wanda ya koyar da shi ba. Ban taɓa nuna masa ba, shi ma bai taɓa ɗauko zancen ba.

A cikin shekaru ukun nan ba Juma'ar da bai zo Argungu ba sai in ruwa ya cinye hanya. Matata ta rasu, 'yata tana aure a Yawuri, abokan karatuna duk sun tafi. Shi ne yake karanta mini wasiƙu, shi yake yanke mini farce da reza a hankali yana ba ni labarin tsuntsaye da suka dame shi a gona. Hannunsa ya yi kaushi, ya yi baƙi. Na taɓa tambayarsa ko noma ya karɓe shi. Ya ce, "Shinkafa ba ta gardama, Malam. Amma ba ta tambaya." Ya ci gaba da yanke farcen.

Ranar sadakar uku maƙwabcina ya sa ni a motar haya, aka ba ni gaba saboda ƙafata. Da muka zo Ambursa direban ya nuna mini fadamar da hannu, shinkafa ta yi kore shar, ya ce ta marigayi ce. A gidan makoki, bayan an yi addu'a mutane sun ragu, na jawo Bawa gefe na ce ya fassara mini maganarsa.

Ya dube ni da mamaki. "Malam, ka mance? Shi da bakinai yag gaya muna. Ya zo wurinka da takardar nan cikin aljihu, yac ce, 'Malam, in koma ko in zamna?' Kai ko tunani ba ka yi ba kac ce, 'Zamna.' Ran nan yay yage takardar. Ni na so shi koma. Can yana da asibiti ƙofar makaranta, yana da daraja. Nan mi yas samu? Sauron fadama, da zazzaɓin da yak kai shi kabari."

A nan ranar ta dawo mini, sai dai ba yadda Bawa ya faɗe ta ba. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, yana dukan kwanon zaurena. Garba ya shigo a jiƙe, ya tsaya a bakin ƙofa bai cire takalmi ba. Na ga bakinsa ya motsa. Na ɗauka sallama ce. Na ga baƙo a tsaye, ga tabarma a shimfiɗe, na ce abin da kowane mai gida yake cewa: "Zamna. Zamna mana." Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Shi ke nan, Malam," ya cire takalmi ya zauna. Muka yi hirar cikar gulbi har ruwa ya ɗauke.

Tabarma na nuna masa. Ban ji tambayar ba.

Na zauna a wurin makokin nan ina tambayar kaina. Ɗalibai nawa a Dosso suka dawo hutu suka tarar da wani a ajinsa saboda nauyin kunnena? Kwanan kowa a rubuce yake, na sani, na kuma yi imani. Amma sanin bai hana ni lissafa sauron da Bawa ya ambata ba. Ina cikin haka aka ce Kulu tana son gaishe ni. Aka kai ni ƙofar ɗakinta, tana daga bayan labule cikin takaba, ni ina kan kujera a waje. Ta ɗaga murya don in ji.

"Baba Malam, ina ta son in gode maka, kunya ta hana. Kai kam maido muna shi. Shekara ukun ga su kaɗai yaran nan sunka san suna da uba. Kullum cewa yakai, 'Malam yac ce in zamna, ni ba ni ƙetare maganar Malam.'"

Na so in karɓi godiyar in tashi. Ba wanda zai sani. Amma mutumin da ya dawo mini da maki ɗaya da bai cancanta ba, ba zan zauna a ƙofar matarsa in riƙe abin da ba nawa ba. Na ce, "Ɗiyata, ban ji shi ba. Ruwa akai, kunnena kuma kin san shi. Wurin zama nab ba shi, ba shawara ba."

Labulen bai motsa ba. Na ɗauka kuka take yi, ko ta yi magana ban ji ba. Can sai ta ce, a hankali amma kalma-kalma, "Baba Malam, ta wane gefe yat tsaya?"

Na ce ban gane ba.

"Baban su Hadiza ya san kunnenka fiye da kai. Shi yag gaya mini na dama ka ji kaɗan, na hagu ya mutu. Yac ce in za a gaya maka magana mai nauyi, ta dama aka biyowa. To ranar, ta ina yat tsaya?"

Tun daga wannan rana nake neman amsar. Ƙofar zaurena tana hagu da inda nake zama yanzu. Amma da damina nakan matsa saboda yoyo, wani lokaci in juya baya ga bango, wani lokaci ga ƙofar cikin gida. Na sa maƙwabcina ya tsaya a bakin ƙofar ya yi magana, na gwada zama nan, na gwada can, har ya fara yi mini kallon tausayi. In ta dama ya tsaya, to da gaske ya tambaye ni, ya ɗauki kuskurena ya gina sauran rayuwarsa a kai. In ta hagu ne, to ya riga ya yanke shawararsa tun a hanya, ya zo ne kawai ya ari bakina, don ya san abin da nake ce wa duk wanda ya shigo. Wataƙila yana tsoron in ya biyo ta dama zan ce ya koma. Wataƙila kuwa da na ce hakan. Ni malami ne, ban taɓa ganin aikin da ya fi aji ba. Amma da ya koma, wa zai zo mini ranar Juma'a? Ko yau aka tambaye ni ta kunnen da yake ji, ban san wacce zan zaɓa ba.

Kallon nan da ya yi mini kafin ya cire takalmi shi ya fi tsaya mini. Wata rana in gan shi kallon wanda aka yanke wa hukunci, wata rana in gan shi kallon wanda yake danne dariya.

Ga Bawa, ina neman afuwa in kalmata ce ta raba ɗan'uwanka da aikin da ya iya. Ga ɗalibansa na Dosso, in wannan takarda ta kai gare ku, ku sani har ya bar duniya yana kiran sunayenku. Ga Kulu, na mayar miki da godiyarki, ki ajiye ta ga mai ita, ko wane ne a cikinmu.

Ya Allah, Kai ne Mai ji, ba a biyo Maka ta wani gefe. Ka ji abin da Garba ya faɗa a bakin ƙofata, Ka kuma san abin da bai faɗa ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa abin da ya koyar a can da abin da ya shuka a nan su zame masa sadaka mai gudana. Ka ba Kulu haƙuri, Ka raya Hadiza da ƙannenta, Ka sanyaya zuciyar Bawa. In kuskurena ne, Ka yafe mini. In kuwa dabararsa ce, Ya Rabbi, ni na yafe masa, Ka ba shi mazauni a Aljanna inda ba zai sake tambayar kowa ko ya koma ba. Amin.