A Bakin Lasifikar Kamfen Inna Ta Ji Mutuwar Autanta

A lokacin da abin nan ya faru ni 'yar kasuwa ce kawai, ina sayar da bandar kifi a kasuwar Kado. Kullum nakan yi sammako daga Kuje, inda nake zaune da mahaifiyata, in dawo da yamma jikina duk ƙarni. Babu ruwana da siyasa. Mu biyu muka rage wa Inna, ni da ƙanena, autanta, wanda ya shiga soja aka tura shi arewa maso gabas. Inna tana fama da hawan jini, har likita ya taɓa ja mini kunne cewa mugun labari na iya kayar da ita.

Ina tsakiyar ciniki abokin aikinsa ya kira ni, ya ce an yi musu kwanton ɓauna, ƙanena yana cikin waɗanda suka rasu, har an yi musu sutura a can. Na yi kukana a bayan rumfa na wanke fuska. A danginmu ba a jefa wa tsohuwa labarin mutuwa haka kawai, kuma ba 'ya ce ke faɗa ba. Babba ne ke zuwa, a bari ta ci abinci ta sha magani, a zaunar da ita cikin mata 'yan uwa, a fara da cewa jikin yaro ya yi tsanani, a hankali har ta gane da kanta. Na kira Kawu, yayanta, ya ce in daure in kama bakina, jibi yana tafe daga ƙauye. Haka na koma gida ina yi wa Inna dariyar dole, tana tambayata ko autanta ya kira.

Zafin zuciya ya sa na faɗa wa wani maƙwabcinmu, ɗan koren wani mai neman kujerar majalisa, don ina son sanin hanyar da za a bi a nuna mana kabarin. Ya ce ai wannan ƙaramin abu ne a wurin ogansa. Washegari sai ga ogan da kansa a rumfata, da babbar riga da masu ɗaukar hoto. Yana toshe hanci da hankici saboda kifi, amma da kyamara ta juyo sai hankicin ya koma ido. Ya ce jinin ƙanena ba zai tafi a banza ba. Na durƙusa har ƙasa na roƙe shi don girman Allah kada maganar ta fita, uwar yaron ba ta sani ba tukuna. Ya dafa ƙirji ya rantse, ya ce shi ma uwa ce ta haife shi. Ya nemi hoton marigayin wai zai nuna wa manya, ni kuwa na tura masa.

Ranar da Kawu ke hanya, Inna tana zaune a ƙofar gida tana sayar da gyaɗarta, ni ina kasuwa. Maƙwabta ne suka ba ni labari. Motar kamfen ta shigo layinmu da kiɗa, an manna hoton ƙanena a jikinta, ƙato, cikin kaki, kusa da na wancan azzalumin ogan. Inna ba ta yi boko ba. Ta miƙe tana guɗa, tana kiran mata su fito su ga an ƙara wa ɗanta girma har an sa shi a mota. Tana cikin tafi mai lasifika ya ambaci sunansa, ya ce Allah ya jiƙan wannan gwarzo, duk mai jin zafin kisansa ya fito ranar zaɓe ya dangwala wa oga. Nan take Inna ta zube a kan tiren gyaɗa.

A asibiti Kawu ya same mu, ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Da na ci kwalar maƙwabcin nan, don tsabar rashin kunya ce mini ya yi ai karramawa ce, wasu nema suke ba su samu ba. Ogan bai taɓa leƙo mu ba, kabari kuwa har yau ba mu gani ba. Bayan zaɓe ni na bi layi ina tsince fostocin kamfen masu fuskar ƙanena daga cikin kwata, awaki na cin sauran.

Wallahi ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe. Na gane cewa a wurin irin waɗannan mutane gawar soja kayan talla ce, hawayensu kuma na kyamara ne. Don haka ina gargaɗin duk wanda ya rasa nasa a fagen daga: idan ɗan siyasa ya zo ta'aziyya da mai hoto a bayansa, ku rufe ƙofa, kada ku ba shi ko da sunan mamacin. Ni na ba da hoto ɗaya. Yau duk motar da ta wuce layinmu da kiɗa, Inna takan ɗaga hannu ɗayan da ya rage mata ta toshe kunne, tana kallona, ba ta da bakin da za ta tambaye ni me ya sa ban faɗa mata ba.