Idon da Inna Ta Rufe

Ni maƙerin azurfa ne, da ido ɗaya nake neman abinci. Na hagu a buɗe yake, amma tun ina yaro dishi-dishi yake gani. Kwalli aka yi ta zuba mini. A lakol, wato makarantar boko, aka ce daƙiƙi ne ni, na bari. Har yau in wuta ta yi tartsatsi gabana faɗuwa yake: in na dama ya tafi, na ƙare.

Ƴata tana da shekara shida na ga tana karkata kai in za ta duba abu, yadda nake yi. Na kai ta asibiti. Likita ya ba ta madubin ido, ya ce kullum da safe a rufe mata ido mai lafiyar da pansama, wato filasta.

"Mai lafiyar?"

"Shi, Malam, don raggon ya koyi aiki. Yanzu yana jin magani. In ta girma, da wuya."

"Nawa fa?"

"Naka ya makara."

Haka kawai, kamar yana faɗa mini mota ta tashi.

Wata biyu ina manna mata kafin in fita. Muka koma, ba canji. Likita ya tambaye ta wane ido ke wuni a rufe. Ta nuna raggon. Ashe ina juya baya, mahaifiyata ke ɓare shi ta mayar can.

A tsakar gida na same ta.

"Inna, don me?"

"Kai da likitanka ba ku da hankali. Ana ɗaure ƙafar da ba ta karye ba? Yarinya tana karo da turmi, tana kuka!"

Na sa tafi na rufe idona na dama.

"Inna, ba na ganin fuskarki. Ban taɓa ganinta da wannan ba."

Shekara arba'in da biyar, ba ta san ya kai haka ba.

Yanzu da yarinyar nake zuwa maƙera. Tana zama nesa da wuta, ido manne, tana zura duwatsun wuya a zare, tana kuskure, tana tsaki. Likita bai yi mini alkawari ba. Ya ce in ya ƙi, akwai maganin ɗigawa. Wata biyun nan kuwa ba mai dawo mana da su.

Jiya ta zura uku a jere. Tsoro nake ji in yi murna.